Ka Tsawata Masa, Amma Ka Bar Uwarsa a Gida

Ɗana, na ji an danƙa maka makullin shago. Allah ya sanya albarka, ya sa ka fara a sa'a. Maigidanka zai koya maka farashin kaya, da rubuta bashi, da gane kuɗin jabu, da yadda ake lallashin mai taya kaya har a daidaita. Akwai abu ɗaya da ba kasafai ake zaunar da yaron shago a koya masa ba, alhali babu ranar da za ta fito ta faɗi bai ci karo da shi ba, wato abin da zai fito daga bakinsa idan ƙaramin yaro ya ɓata masa rai. A kan wannan nake so ka ba ni aron hankalinka.

Yara kam za su ɓata maka rai, kada wani ya ruɗe ka. Bayan la'asar ne, an taso daga islamiyya, sun cika maka ƙofar shago. Wannan na miƙo naira 100 a dunƙule yana ihun a ba shi magi, wancan ya zura hannu cikin robar alawa, ɗaya na danna burodi da yatsa yana kallon yadda yake lotsawa. Wata ta manta abin da aka aiko ta saya, ta tsaya tana zare ido. Wani ya ɗare buhun shinkafa yana kaɗa ƙafa, kafin ka buɗe baki diddigensa ya taɓa kiret ɗin ƙwai, sai ka ji ƙara a ƙasa. Kai kuma tun ƙarfe 7 na safe kake tsaye, ga zafi, ga na'urar cire kuɗi ta ƙi aiki, ga wani babban mutum yana jiran canjinsa yana tsaki. A wannan lokacin ashar ce take fara isowa bakin mutum, tun kafin hankalinsa ya iso.

Na san kuma abin da ke ƙara wa zuciyar zafi. Ƙwan nan da ya fashe, a cikin ɗan abin da ake ba ka za a cire kuɗinsa. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Najeriya, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin shagunanmu na unguwa da rumfunan Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari a wannan sahun suke. Yaron shago da yawa kuɗin abinci da na mota kawai yake gani, sai fatar ranar da maigida zai sallame shi da jari. Mutumin da ke cikin wannan hali in ya ji haushin asarar naira 2,000, ba zan ce masa ya cika zafin rai ba. Haushinka yana kan hanya. Abin da za ka yi da shi ne muke magana a kai.

Tsawa haƙƙinka ce, wani lokacin ma wajibi ce a kanka. Mu da muka tashi a zamanin da ake cewa ɗa na kowa ne, ba mu san wani babba da zai ga yaro yana ɓarna ya kau da kai ba. In yaro ya nufi tukunyar gas, ko ya ɗauki kwalbar fiya-fiya yana ƙoƙarin buɗewa, ko ya kai hannu ga janareta tana aiki, ka daka masa tsawar da za ta sa ya sandare a inda yake. Ba lokacin lallashi ba ne. In ya hau kaya ka ce ya sauka, da murya mai kauri da fuska a ɗaure. In ya ƙi ji ka fitar da shi waje, ka ce ya je a aiko wani. Duk wannan babu uban da ya san ciwon kansa da zai zo ya tuhume ka a kai, sai dai ya yi maka godiya.

Ashar kuwa wata aba ce daban, kuma amsata a kanta ita ce a'a, ko sau ɗaya, ko me yaron ya yi. Ka tsaya ka saurari abin da ake faɗa idan an lailayo ta. Yaro ne ya fasa ƙwai, amma uwarsa aka ambata. Yaro ne ya danna burodi, amma ubansa aka kira, aka haɗa da daƙuwa. Matar nan tana can cikin gida tana hura wuta, ba ta san me ake ciki ba, ba ta taɓa yi maka komai ba sai aiko maka da kuɗinta, ga shi an tsayar da ita a bakin titi ana ci mata mutunci a gaban 'ya'yan maƙwabta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa zagin mutum ga iyayensa cikin manyan zunubai. Sahabbai suka yi mamakin yadda za a yi mutum ya zagi iyayen da suka haife shi, sai ya nuna musu hanyar: ya zagi na wani, wancan ya rama a kan nasa. Yaran yanzu kuwa suna ramawa. Ko bai iya faɗa a gabanka ba, zai faɗa in ya sha kwana, kuma mahaifiyarka da ke gida tana yi maka addu'ar samun kasuwa ita za a ambata.

Sai kalmar nan da ta zama ruwan dare a bakin 'yan kasuwa, ta shegantar da yaro. Ana faɗinta ba a ko jin nauyinta. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ko Muhtasar ya san cewa a mazhabar Malikiyya kore wa mutum nasabarsa babin ƙazafi ne, kuma haddin ƙazafi bulala 80 ne, kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Za ka ce ai kai ba haka kake nufi ba, baki ne kawai ya saba. Na yarda. Sai dai yaron da ke tsaye gabanka bai san abin da ke zuciyarka ba, abin da ya shiga kunnensa ya sani. Wani a cikinsu maraya ne. Wani iyayensa sun rabu, dama ana yi masa gori a gida. Ba ka san inda maganar za ta sauka ba. Hukuma ma ba ta bar abin haka ba: dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta ɗauki zagin mutum da gangan don a tunzura shi a matsayin laifi, ga dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, ga wadda jihar Kano ta sa wa hannu a 2023. Amma ni ba tsoron kotu nake so ya riƙe maka harshe ba.

Yanzu bari in yi maka magana irin ta 'yan kasuwa. A garuruwanmu, yaron da aka aiko shi ne mai ciniki. Matan aure da yawa ba sa fitowa sayen gishiri da omo da taliya, yara ne ƙafafunsu, kuma su ne kunnuwansu. Yaro yana komawa gida da leda a hannu ɗaya, canji a ɗaya hannun, maganarka kuma a bakinsa, yadda ka faɗe ta, ba ragi. “Umma, mai shago ya ce uwata.” Shi ke nan. Ba za ta fito ta yi faɗa da kai ba, watakila ma ba za ta gaya wa maigidanta ba. Gobe dai za ta ce a wuce shagonka a je na gaba, ko da ya fi nisa, ko da ya ɗara naka tsada da naira 50. Za ta faɗa wa kishiyarta, ta faɗa a gidan suna. Kai kana nan kana mamakin yadda ciniki ya ja baya, kana zargin tsadar rayuwa, ba ka san gidaje uku sun daina aiko maka ba saboda magana ɗaya. Magana zarar bunu ce.

Kuma ko gyaran da ake nema ba ya samuwa. Ka lura da duk unguwar da ke da mai shago mai saurin ashar, za ka tarar yara sun mayar da shi abin wasa. Sun laƙaba masa suna. Sukan zo takanas su taɓa kaya don su ji ya ƙunduma, su kwashe da dariya su ruga. Ranar farko da ka zagi yaro zai firgita, rana ta biyu zai ji haushi, daga nan kunnensa ya saba, kwarjininka ya zube. Abin da kawai ya ƙaru da shi shi ne sabuwar kalma, wadda zai gwada a kan ƙaninsa da daddare. Akwai kuma dattawan masu shago da ko murya ba sa ɗagawa, kallo ɗaya za su yi wa yaro ya ajiye abin da ya ɗauka. Ba asiri suke da shi ba. Ba su taɓa zubar da girmansu a gaban yaran ba ne, shi ya sa yake nan lokacin da suke bukatarsa.

Na sha jin samari suna cewa, “Baba, zuciya ce, in ta ɗebe ka ba ka sanin abin da kake faɗa.” Ina so ka auna wannan magana da gaskiya. Ɗan wani Alhaji ya shigo da direba, ya ture kwalbar turare ta fashe. Me ke fitowa daga bakin yaron shago? “Ba komai, ba komai, Allah ya kiyaye gaba, bai dai ji ciwo ba ko?” Bayan rabin sa'a almajiri ya tsaya a bakin ƙofa da robarsa, bai taɓa komai ba, ya dai daɗe a tsaye, sai a maka masa ashar ɗin da ko kare ba zai ci ba. Zuciyar da ta iya haƙuri da asarar dubbai ita ce ta kasa haƙuri da tsayuwar yaro mai jin yunwa. Ashe harshen yana da linzami, kuma mai shi ya san inda yake sake shi. Yana zaɓar wanda ba shi da mai tsaya masa ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a cikin al'amarin nan, domin yaron da aka fi zagi a kasuwanninmu shi ne wanda uwarsa ke can wani ƙauye mai nisa, ba zai koma gida da daddare ya faɗa mata ba, sai dai ya kwanta da abin a ransa a zauren makaranta. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma, ya yi almajirci a ƙuruciyarsa. Na kawo shi ne don ka tuna ba ka san wanda ke tsaye a ƙofarka ba. Amma ko da yaron zai rayu ya mutu bai mallaki komai ba, mutuncinsa da na uwarsa daidai yake da na ɗan Alhajin.

Wasu kuma cewa suke, ai a gidajensu ma zaginsu ake yi, me nawa zai ƙara? Gaskiya ne akwai gidajen da ashar ta zama abin kiran yaro, kuma wannan ciwo ne da ya kamata iyaye su duba. Gaskiya ne kuma muna da wasanni da ake faɗar maganganu masu kauri a cikinsu ba a jin haushi: kaka da jika, taubasai, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi. Goggo takan ce wa ɗan ƙaninta “ubanka” tana dariya, shi ma yana dariya, domin uban nan ƙaninta ne, ita ta goya shi. Dangantaka ce ta ba ta wannan dama. Kai ba kakansa ba ne, ba taubashinsa ba ne. Baƙo ne kai da aka amince a turo maka yaro da kuɗi a hannu. In kuwa har a gida zagi yake sha, to shagonka ya zama wuri ɗaya da ya ga babba ya yi fushi bai yi ashar ba. Ba ƙaramin abu ka koya masa ba.

To me za ka yi? Abu Huraira ya ba da labarin Hasan ɗan Ali, yana ƙaramin yaro, ya ɗauki dabino ɗaya daga cikin dabinon sadaka ya kai baki. Kakansa, Manzon Allah, bai bar shi ya haɗiye ba don yana yaro, ya hana shi nan take ya sa ya yar. Sannan ya gaya masa dalili, cewa gidansu ba sa cin sadaka. Ka duba yadda abin ya tafi: an tsayar da ɓarnar, an faɗi dalili, an wuce wurin. Ba a kira yaron da wani mugun suna ba. Haka za ka yi. “Ajiye wannan, na sayarwa ne, in ka danna shi babu mai saye.” Yaro ɗan shekara 6 yana gane wannan sarai.

Ka koyi sunayen yaran layinku da gidajen da suka fito. Yaron da aka kira da sunansa aka ce ya sauka daga kan buhu ya fi saurin sauka a kan wanda aka ce wa “kai yaro”, domin ya san an san shi, kuma maganar tana iya isa gida. In sun taru da yawa ka jera su, ka fara sallamar wanda ya fi natsuwa, sauran za su gane da kansu. Sannan ka dubi shagon naka. Robar alawa da cingam a bakin kanta, daidai tsayin hannun yaro, ga ƙwai a ƙasa kusa da inda ake tsayawa, rabin rigimar kai ka shirya ta. Ɗaga su sama, ka sa ƙwai ciki, ka ga yawan abin da zai ragu.

Maganar sata ta fi nauyi, ka saurare ni da kyau. Za ka kama yaro ya soke biskit a aljihu, ba makawa. Kada ka kuskura ka yi ihun ɓarawo. Ka san kasuwanninmu, ka san abin da wannan kalma take tarawa cikin ɗan lokaci, kuma in mutane suka taru babu mai iya mayar da su, har kai da ka fara. An rasa rayuka a kan abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ka riƙe hannunsa ba tare da murɗewa ba, ka ja shi gefe, ka karɓi kayanka. Ka tambaye shi gidansu. In na unguwa ne, bayan magariba ka je ka yi sallama da mahaifinsa, ku yi magana a zaure ku biyu. In almajiri ne ka nemi malaminsa. In abin ya ci gaba, ga mai unguwa, ga shugabannin kasuwa, don irin wannan aka naɗa su. Ka kuma tambayi yaron ko ya ci abinci, domin sau da yawa amsar tana nan. Yaron da aka rufa wa asiri a karon farko yakan ji kunyar maimaitawa. Wanda aka tara wa jama'a aka kira ɓarawo ɗan ɓarawo kuwa, an riga an ba shi suna, ba shi da sauran abin da zai kare.

'Yan'uwanka maza da mata da ke aiki a manyan kantunan zamani, inda mai saye ke zagawa da keken zuba kaya, tasu jarrabawar ta ɗan bambanta. A can yaron yana tare da iyayensa, yana guje-guje tsakanin kantoci yana zubar da kaya, uwar tana waya ko ta yi kamar ba ta gani ba. Wannan yana da ciwo, kuma laifin iyayen ne, ba na ɓoye musu. Wanda ya shigo da ɗansa wurin sana'ar wani ya riƙe hannunsa, in ya yi ɓarna ya biya ba sai an tambaye shi ba. Amma kai ma'aikaci, in iyaye suna wurin, da su za ka yi magana. “Hajiya, don Allah a kama shi, kwalabe ne a nan, kada ya ji ciwo.” Uwa ba ta cika musu da wanda ya nuna yana tsoron kada ɗanta ya ji rauni ba. In ta ƙi, ka kira manaja, aikinsa ke nan. Ka tuna kuma kowa yanzu da waya a hannunsa, rabin minti na ashar ɗinka zai iya yawo a Facebook da TikTok, ba wanda zai ɗauki abin da yaron ya yi kafin nan.

In wata rana harshe ya suɓuce maka, kada ka ce ai yaro ne, zai manta. Ba ya mantawa. Tambayi duk wani mai furfura, zai iya nuna maka ƙofar shagon da aka taɓa ci masa mutunci yana ƙarami. Ka kira yaron kafin ya yi nisa, ka ce masa abin da ya yi ba daidai ba ne, amma abin da ka faɗa ma ba daidai ba ne, ya yi haƙuri. In a gaban mutane ka zage shi, a gabansu za ka ba shi haƙurin. Girmanka ba zai ragu ba.

Saura iyayen gidanku masu shaguna, tunda na san wannan magana za ta kai kunnen wasunsu. Alhaji, yaron da ka ƙunduma wa ashar da safe a gaban masu ciniki saboda ya yi kuskuren lissafi, shi ne zai sauke ta da yamma a kan ɗan maƙwabcinka. A wurinka ya ga ana yi. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10, tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa ko kalmar ƙosawa bai taɓa ji daga gare shi ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Ba a ce za mu kai can ba, amma nan ne alƙiblar. Ka gaya wa yaranka tun ranar da ka ɗauke su cewa a shagon nan ba a zagin kowa, babba ko yaro, mai kuɗi ko almajiri, kuma dokar ta hau kanka kai ma. Sannan ka cire musu tsoron da ke sa su zabura: kayan da yaron wani ya fasa bisa tsautsayi kada ka cire a kuɗin yaron shagonka. Ka rubuta shi a asarar shago, ko ka bari kai da kanka ka yi magana da uban yaron.